Tambayoyinku: Ɗamara Daban, Farin Jini Daban

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan damben boksin ne, ajin masu nauyi, wato ƙartin da suka haura fam 200, kimanin kilo 91. Na lura kuma kusan duk abu guda suke kewayawa: me ya sa wani zakara duniya ke ɗaukarsa a ka, wani kuma ya ci kambu ya riƙe shekara da shekaru amma ko maƙwabcinsa bai damu ba? Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure tsakanina da ƙanina. Oleksandr Usyk ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Tyson Fury sau biyu, amma in ka ambaci sunansa sai a ce maka wane ne haka? Joshua kuwa har waɗanda ba su taɓa kallon dambe ba sun san shi. Ƙanina ya ce son kai ne kawai irin na Turawan Ingila. Haka ne?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Ƙaninka ya taɓo gefen tabarmar, amma bai zauna a tsakiyarta ba. Kowa na son nasa, wannan ba Ingila kaɗai ba ce. Abin da ya kamata ku duba shi ne, wa ke da jama'ar da za su iya mayar da soyayyarsu tikiti.

Joshua ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 2012, a Landan, a gaban mutanensa, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa kyauta. Tun kafin ya karɓi ko sisi a dambe, fuskarsa ta riga ta shiga kowane falo. Daga nan kamfanin Eddie Hearn, mai shirya dambe, da tashar Sky suka ɗauke shi suka dinga gina shi bulo bayan bulo. A dambensa na 16 ya ci kambun IBF, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe huɗu da kowace ke ba da ɗamararta. Sai kuma daren 29 ga Afrilu 2017, a filin Wembley, mutum 90,000 suka taru ya kara da Wladimir Klitschko.

Wannan damben na kalle shi ya fi a ƙirga. A turmi na biyar Joshua ya kai Klitschko ƙasa, ya ɗaga hannu yana ruri kamar an gama. Ashe ƙarfinsa ya zubar. Kafin turmin ya ƙare baki buɗe yake numfashi, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. A turmi na shida tsohon ya auna shi da dama guda, sai ga Joshua zaune a ƙasa, karon farko tun da ya fara damben kuɗi. Filin nan ya yi tsit. Ya tashi, ya yi ta lallaɓawa yana neman numfashi har turmi huɗu, sannan a na 11 ya ɗauko wani naushi daga ƙasa ya zuba wa Klitschko a haɓa, har ka ga wuyan mutumin ya miƙe kamar na zakara zai yi cara. Wanda ya ga wannan daren ba ya bukatar a yi masa bayanin dambe. Ya ga yaronsu ya faɗi, ya ga ya tashi. Shi ke nan, an ɗaura aure.

To dubi Usyk. Shi ma zinare ya ci a Landan a 2012, a ajin da ke ƙasa da na Joshua. An haife shi a Kirimiya, yankin da Rasha ta ƙwace a 2014, kuma tun 2022 ƙasarsa Yukren take cikin yaƙi. A ina zai tara mutum 90,000? Duk manyan nasarorinsa a gidan wasu ya same su: ya je Folan ya doke ɗan Folan, ya je Riga ya doke Mairis Briedis, ya je Mosko a 2018 ya doke Murat Gassiev ya haɗa ɗamaru huɗu na ajin da ke bin masu nauyi, ya je Manchester ya kwantar da Tony Bellew, ya je filin Tottenham a 2021 ya karɓe ɗamarun Joshua. Kullum shi ne baƙo, kullum shi ake wa ihu. A ƙasarsa kuwa ba ƙaramin gwarzo ba ne. Dambensa na biyu da Joshua a Jidda kyauta aka nuna shi a Yukren. Soyayya tana nan, aljihu ne babu.

Sai harshe. Ana sayar da dambe da baki kafin a sayar da shi da hannu. Fury zai zauna gaban 'yan jarida ya yi zagi, ya yi waƙa, ya yi ba'a, gobe duk jaridu su ɗauka. Usyk mutum ne mai barkwanci ƙwarai, amma Turancinsa gutsi-gutsi ne, rabin abin dariyar yana mutuwa a bakin tafinta. Ga salon dambensa: bahago ne, da ƙafa yake cin mutum, ya shiga ya taɓa ya zame, ya gajiyar da kai ya tara maki. Masana suna lashe baki, amma wanda ya biya kuɗi don ya ga ƙato ya faɗi tim sai ya ji kamar an rage masa canji.

Kafin shi ma haka 'yan ƙasarsa, Vitali da Wladimir Klitschko, suka sha. Wladimir ya riƙe kambu daga 2006 zuwa 2015. A Jamus, inda suka fara damben kuɗi suka kuma iya harshen, filayen ƙwallo suke cikawa, sama da mutum miliyan 10 suna kallonsu a talabijin. Jamusawa sun ga mutane biyu masu digirin digirgir, masu ladabi, masu lissafi, suka ce waɗannan namu ne. Amurkawa suka kalli abu ɗayan nan suka yi hamma, har tashar HBO ta taɓa ajiye nuna dambensu. Mutum ɗaya, naushi ɗaya, kasuwa biyu.

TAMBAYA: Malam, Muhammad Ali da George Foreman duk baƙaƙen fata ne, duk Amurkawa. Me ya sa da suka je dambe Afirka kowa ya bi bayan Ali? Saboda Musulmi ne?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin tarin, don ita ce ke nuna cewa fasfo ba shi ne magana ba.

A Kinshasa aka yi damben, ranar 30 ga Oktoba 1974, lokacin ƙasar tana amsa sunan Zayar a hannun Mobutu. Yawancin mutanen can Kiristoci ne, don haka ba addini ya sa suka cika tituna suna "Ali bomaye", wato Ali kashe shi, ba. Abin ya faro ne shekara goma kafin nan.

A 1964 Ali ya doke Sonny Liston ya ci kambu, ya ajiye sunan Cassius Clay ya ce sunan bauta ne, a shekarar kuma ya zagaya Ghana da Najeriya da Masar. A 1967 aka kira shi aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam ya ce ba zai je ba, ba shi da rigima da mutanen can. Aka tuɓe masa kambu, aka hana shi lasisi, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, ko da yake bai shiga kurkuku ba har Kotun Ƙoli ta wanke shi a 1971. Shekara uku da rabi, tsakiyar ƙarfinsa, ya yi su ba ya dambe. Ka tuna zamanin: ƙasashen Afirka da Asiya ba su daɗe da fita daga hannun Turawan mulkin mallaka ba. Sai ga baƙin mutum a cikin Amurka kanta ya dubi gwamnatinta ya ce a'a, ya kuma biya farashin. Duk wanda aka taɓa takawa ya ga kansa a cikinsa.

Foreman fa? A gasar Olamfik ta Meziko a 1968, 'yan kwanaki bayan 'yan tseren Amurka baƙaƙen fata Tommie Smith da John Carlos sun ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lamba don nuna adawa da wariyar launin fata, Foreman ya ci zinare, ya zaro 'yar ƙaramar tutar Amurka yana kaɗawa. Yaro ne ɗan shekara 19 yana murna, ba siyasa ya nufa ba, amma haka aka karanta shi. Da ya sauka Kinshasa kuma sai ya zo da ƙaton karensa, irin karnukan da mutanen ƙasar suka sani a hannun 'yan sandan Beljiyam. Ruwa ba ya tsami banza. Ya ji rauni a gira wurin atisaye, aka ɗage damben mako biyar. Shi ya kulle kansa yana ƙunci, Ali kuwa ya fita yana gudu a hanya yara suna binsa, yana ɗaukar jarirai, yana koya wa taro kirarin da za su yi masa.

A takarda Foreman ne zai ci. Ya yi wa Joe Frazier kaca-kaca a turmi biyu, Ken Norton ma haka, kuma dukansu sun taɓa doke Ali. Shekararsa 25, Ali 32. Da ƙarfe huɗu na asuba aka fara, don a dace da masu kallo a Amurka. Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska ya bar shi yana ta jibga har hannuwansa suka yi nauyi, a turmi na takwas ya fito ya gama da shi.

Batun addini kuwa yana da nasa wurin, ba na musu. A duniyar Musulmi sunan nan kaɗai ya isa tuta. Da ƙungiyar baƙaƙen Amurka ta Nation of Islam, ƙarƙashin Elijah Muhammad, ya fara, ya yi aikin Hajji a 1972, ya koma tafarkin Sunna a 1975. Kuma bai ɗauki sunan da wasa ba: Ernie Terrell da ya nace da kiransa Clay a 1967, turmi 15 ya yi yana dukansa yana tambayarsa sunansa.

Amma bari in faɗi abin da masoyansa ba sa son ji. Wannan baiwar ta mayar da abokin karawa maƙiyin jama'a, Ali ya yi zalunci da ita. Joe Frazier ɗan talakawan manoma ne daga Karolina ta Kudu, ya fi Ali sanin wahalar baƙar fata nesa ba kusa ba, kuma ya taimaka masa da kuɗi lokacin da aka hana shi dambe. Duk da haka Ali ya fenta shi a matsayin yaron Turawa, ya yi masa ba'ar kamanni, jama'a suka hau. Frazier ya daɗe da wannan ciwon a zuciya.

Foreman kuwa ya bar dambe shekara goma, ya zama mai wa'azi, ya dawo da tumbi da sanƙo da murmushi, yana yi wa kansa ba'ar ci. A 1994, yana da shekara 45, ya kwantar da Michael Moorer ya sake cin kambu, kuma a lokacin babu ɗan damben da Amurka ke so kamarsa. Ƙasarsa ba ta canza ba, launinsa bai canza ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin tarihi ne. Yaushe aka fara cusa launin fata da ƙasa a cikin wannan wasa?

AMSA: Ɗana, ba cusa su aka yi ba, tare aka haife su. Kambun masu nauyi ba kamar sauran ba ne; wanda ya riƙe shi ana ɗaukarsa a matsayin namijin da ya fi kowa ƙarfi a duniya, kuma babu al'ummar da ke son a ce wannan mutumin na wasu ne.

Jack Johnson ya ci kambun a Sidni a ƙarshen 1908, baƙar fata na farko. Fararen Amurka suka shiga neman wanda zai wanke musu ido, har suka lallaso tsohon zakara Jim Jeffries daga ritaya. Ranar 4 ga Yuli 1910 Johnson ya lallasa shi a garin Reno. A daren tarzoma ta ɓarke a birane da dama, aka kashe mutane, yawancinsu baƙaƙe. A 1912 majalisa ta hana safarar finafinan dambe tsakanin jihohi. Johnson bai iya sunkuyar da kai ba: yana dariya a fage, yana tuƙa motocin alfarma, yana auren fararen mata. Aka nemo dokar da za a ɗaure shi da ita a 1913. Sai a 2018 aka yi masa afuwa, shekara 72 bayan mutuwarsa. Da ya rasa kambun a 1915, sai da aka yi shekara 22 ba a bar wani baƙi ya nemi shi ba.

Joe Louis ne ya buɗe ƙofar, kuma da sharaɗi. Masu kula da shi suka gindaya masa dokoki: kada a ɗauke shi hoto da farar mace, kada ya yi murna a kan wanda ya kayar, ya kame fuska. Wato ya zama kishiyar Johnson. Abin da ya mayar da shi na kowa shi ne Max Schmeling na Jamus, wanda ya doke shi a 1936, gwamnatin Hitler ta ɗauki abin tana talla. Da aka sake haɗuwa a New York a Yunin 1938, Louis ya gama da shi cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu. A ranar fararen Amurka da dama suka yi wa baƙar fata tafi a kan Bature, don tuta ta danne launi. Na dare ɗaya, ka gane. Da yaƙi ya zo, a rundunar da aka ware baƙaƙe daban ya yi aikin soja. Schmeling da aka yi wa fentin shaiɗan kuwa bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba, manajansa Bayahude ne, ya ɓoye yara Yahudawa biyu a ɗakinsa na otal a 1938, daga baya kuma ya zama abokin Louis har ya taimaka da kuɗin jana'izarsa a 1981.

Kada ka ce abin ya tsaya a zamanin da. A Yunin 1982 a Las Vegas, Larry Holmes, zakaran da ba a taɓa doke shi ba, ya kara da Gerry Cooney, farar fata ɗan asalin Ailan. Al'adar dambe ita ce a fara gabatar da mai neman kambu, a rufe da zakara. A ranar sai aka fara kiran Holmes, aka ajiye Cooney ƙarshe don ya sha tafi. Ka kalli fuskar Holmes a hoton bidiyon. Ya tsayar da shi a turmi na 13. Su biyun daga baya abota suka ƙulla. Masu sayar da tikiti ne suka ci ribar gabar.

TAMBAYA: Malam, ni ba mai kallon dambe ba ce, maigidana ne ba ya bari ya wuce shi. Abin da ke ɗaure mini kai, in Joshua ya ci sai in ji ana cewa ɗan Najeriya, su kuma can suna cewa ɗan Ingila. To na waye?

AMSA: Hajiya, in ya ci na kowa ne. In ya faɗi ne ake sanin mai shi.

A Watford aka haife shi a 1989, Birtaniya ya wakilta a Olamfik, don haka a takarda nasu ne. Amma asalinsa Sagamu ne a jihar Ogun, sunansa na tsakiya Oluwafemi, a kafaɗarsa ta dama akwai zanen taswirar Afirka da aka fitar da Najeriya a ciki, kuma a Janairun 2020 da ya haɗu da Shugaba Buhari a Landan kwanciya ya yi ya kai gaisuwa irin ta Yarabawa. Ya iya riƙe gida biyu ba tare da ɗaya ta yi kishi ba, kuma wannan kasuwa biyu ke nan.

Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. Lennox Lewis a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Jamaika, ya koma Kanada yana ɗan shekara 12, ya ci wa Kanada zinare a Seoul a 1988, sannan ya dawo Ingila damben kuɗi. 'Yan Kanada suka ce ya gudu, 'yan Ingila suka saurari harshensa suka ce wannan ba namu ba ne, Amurkawa kuwa suka ce ai ɗan Ingila ne, ba abin tsoro. Gida uku, babu inda aka shimfiɗa masa tabarma. A Oktoban 1993 ya kara da Frank Bruno a Cardiff, a buɗaɗɗen fili, cikin sanyi, bayan ƙarfe ɗaya na dare. Lewis ne mai kambu, amma sunan Bruno filin ke rerawa. Bruno yana riƙe da damben sosai har turmi na bakwai, ya matse Lewis a igiya, sai hagu guda ta fito daga inda bai zata ba. Ko da aka raba su, Bruno jama'a suka raka da tafi.

Me Bruno ke da shi? Dariya mai kauri, ladabi, da faɗuwa. Sau uku ya nemi kambun duniya yana shan kaye, a na huɗu, a 1995, ya samu, watanni shida Mike Tyson ya karɓe. Mutanen Ingila suna da rauni a kan irin wannan gwarzon. Henry Cooper bai taɓa cin kambun duniya ba, abin alfaharinsa shi ne ya taɓa kai Ali ƙasa a 1963 kafin a tsayar da damben saboda jinin da ke zuba a girarsa, amma har sarautar Sir aka ba shi. Lewis, wanda a ganina ya fi duk wani mai nauyi da ƙasar ta taɓa fitarwa, sai da ya doke Evander Holyfield a 1999 ya haɗa ɗamaru sannan suka buɗe masa ƙofa sosai.

Ki kuma dubi Samuel Peter. Shi haifaffen Akwa Ibom ne, Najeriya ya wakilta a Olamfik ta 2000, ya kai Wladimir Klitschko ƙasa sau uku a dare ɗaya a 2005, ya ci kambun hukumar dambe ta WBC a Meziko a Maris 2008. An yi murna, amma a Oktoba Vitali ya karɓe a Balin, magana ta mutu. Babu tashar da ta gina shi, babu filin gida da ya taɓa cikawa. Yau ki tambayi samari goma, da wuya biyu su tuna shi.

TAMBAYA: Malam, ina Amurkawa suka shiga? A da su ne masu abin.

AMSA: Suna nan, ƙattinsu ne suka canza sana'a. Yaro mai tsawo da faɗin ƙirji a Amurka yau yana da ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda za ta kai shi jami'a kyauta ta kuma ba shi albashi ba tare da an fasa masa hanci kullum ba. Deontay Wilder kansa burinsa ke nan a Alabama. Sai da aka haifa masa 'ya mai lalurar ƙashin baya, sannan ya shiga dambe neman kuɗi yana ɗan shekara 20. A gefe guda kuma, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, sai 'yan damben gabashin Turai da aka hora tun suna yara suka samu damar shiga kasuwa.

Wilder ya riƙe kambun WBC daga 2015 zuwa 2020, ya kare shi sau goma, kusan duk wanda ya kara da shi ya kwana a ƙasa. Da a zamanin Mike Tyson ne da ba zai iya tafiya a titi ba. Amma dambe ya riga ya bar tashoshin kyauta ya koma sai wanda ya biya. Karon Tyson da Holyfield na 1997, wanda aka ciji kunne, gidaje kusan miliyan biyu suka saya. Karon Wilder da Fury na farko a 2018 ko rabin miliyan bai kai ba, kuma a Los Angeles aka yi, amma muryar 'yan Ingila da suka tsallako teku ce ta cika zauren.

Fury ɗin ma darasi ne. Daga al'ummar nan yake masu yawo da gidajen tirela, 'yan asalin Ailan, waɗanda ake wa kallon raini a Birtaniya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, da shi yake kirari. Da ya doke Klitschko a Jamus a 2015 ƙasarsa ba ta yi wani rawar kai ba, bakinsa ya jawo masa baƙin jini. Sai ya faɗa cikin ciwon damuwa da shaye-shaye, ya yi ƙiba har ba a gane shi, ya dawo yana faɗin abin da ya same shi a fili. A karon nan na 2018, a turmi na 12 Wilder ya shimfiɗe shi rigingine, kowa ya ce an gama, sai ya buɗe ido ya miƙe. Daga ranar labarinsa ya juya; a 2022 mutum 94,000 ya tara a Wembley.

Kada in manta Andy Ruiz, haifaffen Kalifoniya, iyayensa 'yan Meziko. Meziko ƙasar dambe ce amma ba ta taɓa samun zakaran masu nauyi ba. Da wannan ɗan lukutin ya tsayar da Joshua a New York a Yunin 2019, cikin kwanaki aka kai shi gaban shugaban ƙasar Meziko. Shagalin ya yi yawa, ya koma fage a Disamba da ƙarin fam 15, ya mayar da ɗamarun.

TAMBAYA: Yanzu da Saudiyya ke ɗaukar manyan dambe, ƙasar ɗan dambe tana da sauran amfani?

AMSA: Amfaninta ya ragu a wurin biyan kuɗi, ɗan'uwa. Tun da Turki Alalshikh, jami'in Saudiyya mai shirya manyan dambe, ya shigo da jakar Riyad, ba a jiran kuɗin ƙofa kafin a haɗa karo, shi ya sa Usyk da Fury suka haɗu a Mayun 2024 aka samu zakara guda mai dukkan ɗamaru, karon farko tun zamanin Lewis. Haka nan Francis Ngannou, wanda ya taso yana haƙar yashi a Kamaru, ya ratsa hamada, ya kwana a titin Faris, ya samu shiga fage da Fury a dambensa na farko, har ya kai shi ƙasa a turmi na uku. Amma ka saurari zauren Riyad, ka saurari Wembley ranar da Daniel Dubois ya kwantar da Joshua a Satumban 2024. Ni dai in ina kallon na Riyad sai in riƙa jin takun ƙafar 'yan damben da muryar masu horarwa, abin da ba ka taɓa ji a inda mutum ke dambe gaban mutanensa.

TAMBAYA: Akwai wanda ya yi suna ba tare da damben kuɗi ba?

AMSA: Akwai, Teofilo Stevenson na Kyuba. Zinare uku a jere a Olamfik, 1972 da 1976 da 1980. Gwamnatin Castro ta haramta damben kuɗi, dillalan Amurka suka yi ta yi masa tayin miliyoyin daloli ya tsere ya kara da Ali, ya ce soyayyar mutanen ƙasarsa ta fiye masa. Ya zauna a Kyuba har ya rasu a Habana a Yunin 2012. Wanda ya tambayi wa zai ci da an haɗa su da Ali, ya sake aiko wasiƙa, wannan sai da fili guda.